Shafi Mai Tsayuwa da Wallafa Mai Wucewa

Duk wanda ya bi Titin Zariya a birnin Kano daga Gyadi-Gyadi ya nufi Unguwa Uku, ko kuwa ya karkata ya shiga lungunan Darmanawa, in dai yana karanta allunan da ke kafe a ƙofofin makarantu da ɗakunan shan magani da shagunan ɗinki, lalle zai ga a jikin waɗansunsu wani layi wanda shekaru ashirin da suka wuce da wuya a gan shi, wato adireshin gidan yanar gizo, an rubuta shi a ƙarƙashin lambar waya. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, domin tun da waya mai intanet ta shiga aljihun ɗalibi da ɗan kasuwa, kasuwar waya ta Farm Centre kuma ta zama ba ta rabo da cinkoso, sai ya zamana mutum kafin ya taka zuwa wani wuri yakan fara leƙa shi ta waya tukuna. Amma abin da yakan faru sau da yawa shi ne, mai makaranta ko mai shago ya zuba kuɗinsa an gina masa gidan, ya yi ta cika shi da rubutu bilhaƙƙi da gaskiya, sa'an nan baƙon da ya shigo neman abu guda tak, kamar sharuɗɗan shiga makaranta ko lokacin buɗe shago, ya yi ta lalube har ya ƙosa ya fita bai dace ba.

Galibi asalin wannan cuta ba ƙarancin rubutu ba ne, rashin rarrabewa ne tsakanin nau'i biyu na rubutu waɗanda kowane gidan yana yake ɗauke da su. Na farko shi ne tsayayyen shafi, wanda ake rubutawa domin ya zauna a wuri guda, ya amsa tambayar da baƙo zai yi yau, ya amsa ta baɗi: su wane ne ku, ina kuke, me kuke yi, ta yaya za a same ku. Na biyu ita ce wallafa, wadda samarinmu suke ce wa fostin, wato rubutun da aka yi saboda wani abu da ya auku ko zai auku, aka buga masa kwanan wata, ya hau saman jeri, har zuwa ranar da wani sabo zai zo ya tura shi ƙasa. A ido kamanninsu ɗaya, ko wanne da kanu da rubutu da hoto, amma hukuncinsu ya saɓa, kuma inda suka saɓa ɗin shi ne alaƙar kowannensu da lokaci.

Yadda aka faro

Lokacin da Tim Berners-Lee, wani masani mutumin Ingila da ke aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da birnin Janiba, ya kawo shawarar yanar gizo a 1989, har aka buɗe gidan farko ga jama'a a 1991, babu abin da ke ciki sai tsayayyun shafuka, kowanne an rubuta shi da hannu an ɗaure shi da ɗan'uwansa, wanda duk yake son sauya wani abu kuwa tilas ya buɗe shafin ya goge ya sake. Sai wajen ƙarshen shekarun 1990 ne waɗansu marubuta suka ɗauki al'adar yin rubutu kullum suna jera shi bisa kwanan wata, sabo a sama tsoho a ƙasa, aka kuma ƙirƙiro manhajojin da ke yi musu jerin da kansu, irin su Blogger wadda ta fito a 1999. A ranar 27 ga Mayu 2003 Matt Mullenweg na Amurka da Mike Little na Ingila suka fitar da WordPress, wadda a farkonta wallafa kaɗai ta sani. Da masu amfani da ita suka ga cewa bayanin da mutum ya yi game da kansa yana nitsewa ƙarƙashin rubuce-rubucen da suka biyo baya, alhali kuwa shi ne abin da kowane baƙo yake fara nema, sai aka ƙara mata tsayayyun shafuka a fitowarta ta watan Fabrairu 2005. A yau fiye da kashi 40 cikin ɗari na gidajen yanar duniya da wannan manhaja aka gina su, shi ya sa rabon da ta yi ya zama kamar ƙa'ida, har sauran manhajoji ma kusan haka suke bi.

Wani abin lura shi ne, a cikin rumbun bayanan WordPress shafi da wallafa a jadawali guda ake ajiye su, alama ɗaya ce kawai take nuna wannan shafi ne, wannan wallafa ce. Ke nan na'ura ba za ta hana mutum ya sa labarin walima a shafi ba, ba kuma za ta ce masa uffan ba in ya sa adireshinsa a wallafa. Rarrabewar tana wuyan mai rubutu, shi ne ya san niyyar da ya yi rubutun dominta.

Matani da fatawa

Wanda ya zauna gaban malamai a zaure ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba, domin ya riga ya san bambancin matani da fatawa. Matani, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, an tsara shi babi-babi, tsarki a wurinsa, salla a wurinta, ciniki a wurinsa, kuma ɗalibin da ke neman hukuncin taimama ba ya tambayar ranar da aka rubuta babin, abin da yake tambaya shi ne inda babin yake. Fatawa kuwa amsa ce ga wata mas'ala da ta sauko wa wani mutum a wani gari a wani zamani, saboda haka malamai suka yi ta gargaɗi kada a ɗauke ta a ɗora wa wani hali ba tare da an san yadda aka yi aka bayar da ita ba. Kuma ko da aka tara irinta da yawa, kamar yadda Alwansharisi ya tara fatawowin malaman Magrib da Andalus a cikin Mi'iyar, kowacce tana tafe da tambayar da ta haife ta. To, shafi ɗan'uwan matani ne wajen yadda ake nemansa, wallafa kuma 'yar'uwar fatawa ce wajen ratayuwarta da lokacinta.

Sai dai ƙiyasin yana da iyaka, kuma a iyakar nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Matani yana magana ne a kan hukunce-hukuncen da ba sa jirkita, don haka ba a taɓa lafazinsa, sai dai a yi masa sharhi. Shafi kuwa al'amuran duniya yake ɗauke da su, lambar waya da farashi da sunan shugaba da sa'o'in aiki, waɗanda ba su da tabbas ko na shekara guda. Tsayuwarsa ta wuri ce, abin da ke cikinsa kuwa dole a riƙa bibiyarsa.

A gaban kwamfuta

Mu ƙaddara shugaban wata Islamiyya ce a Darmanawa, dattijo, ya kwaso takardunsa cikin jakar fata ya je shagon wani saurayi, tsohon ɗalibinsa, wanda ya koyi gina gidajen yana. Saurayin ya jawo masa kujera, ya juyo da fuskar kwamfuta wajensa. A hannun hagu ga wani dogon layi baƙi mai jerin mashigai. Kusa da sama akwai ɗaya mai hoton ƙusar maƙala takarda, nan ne wallafa. Ƙasa da shi kaɗan ga wani mai hoton takardu biyu a haɗe, nan ne shafuka. Ko wanne aka latsa, farin fili ne iri ɗaya yake buɗewa, da wurin kanu a sama. Sai an dubi hannun dama ake ganin inda suka rabu: a wajen wallafa ana tambayar rukunin da za a sa ta da alamomin da za a liƙa mata, a wajen shafi kuwa ana tambayar ko yana ƙarƙashin wani shafin ne.

Saurayin ya ɗauki takarda ta farko, ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan ta tarihin kafa makaranta, yaushe za ta daina amfani?"

Malam ya yi murmushi, ya ce, "Ai tarihi ba ya daina amfani, ɗana."

"To, shafi ke nan. Wannan ta walimar saukar Alƙur'ani ranar Asabar fa?"

"Wannan kam, in Allah ya kai mu Lahadi ta zama labari."

"To, ita wallafa ce."

Haka suka bi takardun ɗaya bayan ɗaya, manhajar karatu da sunayen azuzuwa da kwatancen hanyar zuwa makaranta suka tafi shafuka, sakamakon musabaƙa da sanarwar hutun Salla da ta'aziyyar wani malami suka tafi wallafa, har suka iso kan takardar kuɗin makaranta, inda Malam ya tsaya, ya ce wannan ai tana da tsayuwa tana kuma da wucewa, domin kullum iyaye suna bukatarta, amma kusan kowace shekara sai an taɓa ta. Maganarsa kuwa daidai ce, kuma irin wannan mas'ala hannu biyu ake kama ta da shi: a yi mata shafi guda mai ɗauke da kuɗin da ake biya a halin yanzu, duk ranar da aka sauya a shiga a gyara shi, sa'an nan a yi wallafa a wannan ranar a sanar da iyaye an sauya, a faɗi dalili, a nuna musu hanyar zuwa shafin.

Inda suka rabu a aikace

Wallafa jerin lokaci take bi, kuma da yake yawanta ba ya ƙarewa, sai aka yi mata hanyoyin tattarawa guda biyu. Rukuni shi ne babban kaso, kamar a ce Sanarwa, Musabaƙa, Wa'azi. Alama kuwa ƙaramar shaida ce da ke haɗa rubuce-rubuce masu magana a kan abu guda ko da rukuninsu ya bambanta, kamar a liƙa kalmar Ramadan ga duk abin da ya shafi watan. Wallafa takan fito da sunan marubucinta da ranar fitowarta, manhaja kuma tana adana ta wata-wata da shekara-shekara, tana kuma aika ta kai tsaye ga waɗanda suka nemi a riƙa sanar da su sabon abu. A gidaje da yawa ma kwanan watan yana cikin adireshinta. Gidajen jaridu irin su Aminiya da BBC Hausa kusan ɗaukacin abin da ke cikinsu wallafa ce, kuma haka ya dace da su, tun da sana'arsu ita ce faɗin abin da ya faru yau.

Shafi kuwa ba ya shiga wannan jeri, ba shi da rukuni, kuma bisa al'ada ba a nuna ranar rubuta shi ko sunan wanda ya rubuta, domin da bakin ma'aikata ko makaranta yake magana. Tsarinsa na uwa da 'ya'ya ne: shafin Sassan Karatu ya zama uwa, Tahfiz da Firamare da Sakandare su zauna ƙarƙashinsa, duka kuma a jera su a mashigan da ke saman gida inda ido zai fara sauka. Adadinsa bai kamata ya yi yawa ba. Ƙaramar makaranta ko shago shafuka ƙalilan sun ishe su, alhali wallafarsu tana iya kai ɗaruruwa cikin 'yan shekaru. Daga cikin shafukan da bai kamata a manta da su ba akwai wanda ke bayyana yadda ake sarrafa bayanan mutane, musamman ga mai karɓar sunaye da lambobin waya da hotunan yara, tun da Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni 2023, ta ɗora wa mai karɓar bayanai nauyin sanar da masu su abin da zai yi da su.

A dubi babbar ma'aikata irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988 yake kuma maƙwabtaka da unguwannin da aka ambata a farko. Mutumin da zai taso daga Rano ko Gaya, ko ma daga Damagaram, da mara lafiya a mota, abin da yake bukata kafin ya kama hanya shi ne ya san sassan asibitin, da ranakun ganin likita, da yadda ake buɗe kati. Waɗannan duka aikin shafi ne, kuma bai kamata a ce sai ya bi labarai ɗari kafin ya kai gare su ba. Amma sanarwar taron ƙara wa juna sani, ko ta neman gudummawar jini, ko ta ɗaukar ma'aikata, in aka kafe ta a shafi babu kwanan wata, bayan shekara biyu wani zai karanta ya ɗauka yau aka yi ta.

Nasihi da mansuhi

Babu abin da ya nuna wa jama'ar ƙasar nan darajar kwanan wata kamar canjin kuɗi. A watan Oktoba 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu 2023. Da wa'adin ya matso aka ɗaga shi zuwa 10 ga Fabrairu. Bayan haka Shugaba Muhammadu Buhari ya ce tsohuwar naira 200 kaɗai za ta ci gaba har 10 ga Afrilu. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke cewa dukansu za su ci gaba har ƙarshen Disamba. A watan Nuwamba kuma aka ɗage wa'adin baki ɗaya. Kowace ɗaya daga cikin sanarwar nan gaskiya ce a ranar da ta fita, kowacce kuma ta bayanta ta shafe hukuncinta, ta yadda wanda aka turo wa ta Janairu a cikin watan Afrilu, an yanke kwanan watan, an ba shi gaskiyar da ta riga ta zama mansuhiya, kuma yana iya ƙin karɓar kuɗin da doka ta halatta. Irin wannan ne yakan faru gab da azumi ko Salla, lokacin da sanarwar ganin wata ta wata shekara da ta shuɗe, daga fadar Sarkin Musulmi, takan sake ɓullowa a wayoyin mutane kamar sabuwa.

Daga nan ne ake gane cewa amanar da ke kan kowannensu daban ce. Shafi alkawari ne cewa abin da ke cikinsa gaskiya ne a duk sa'ar da aka buɗe shi, saboda haka haƙƙinsa a gyara shi da zarar hali ya sauya, kuma barin tsohuwar lambar waya ko tsohon farashi a cikinsa saɓa alkawari ne ko da ba da gangan aka yi ba. Wallafa kuwa shaida ce a kan abin da aka sani a ranarta, saboda haka haƙƙinta a bar ta yadda take da kwanan watanta. In an ga kuskure a ciki a gyara a kuma rubuta cewa an gyara, in hukuncinta ya shafe a ƙara layi guda a samanta mai nuni zuwa ga sabuwar. Komawa a asirce a sauya abin da aka faɗa bara, don a nuna kamar tun can haka aka ce, ha'inci ne, ko da na'ura ta sauƙaƙa shi.

Masu kasuwanci a Facebook da WhatsApp

Mafi yawan masu sana'a a unguwanninmu, musamman matan da ke sayar da atamfa da turaren wuta da kayan kicin daga cikin gida, ba su da gidan yana na kansu, Facebook da WhatsApp da TikTok su ne kasuwarsu. Waɗannan dandali kuwa an gina su ne kacokan a kan wallafa, abin da aka sa da safe kafin la'asar ya yi ƙasa, na Status ɗin WhatsApp ma awa 24 yake yi ya ɓace. Shi ya sa za ka ga ƙarƙashin kowane hoto tambayoyin ba sa sauyawa: "Hajiya nawa ne?", "A ina kuke?", "Kuna aikawa Kaduna?" Mai kayan ta amsa jiya, ta amsa shekaranjiya, gobe ma za ta amsa, domin amsar tana tafiya tare da wallafar da aka yi ta a ƙarƙashinta. Duk tambayar da aka maimaita wa mai sana'a har ta gundure shi, alama ce ta cewa amsarta tsayayyen wuri take bukata. Ko a waɗannan dandali akwai ɗan abin da ke tsayawa a madadin shafi, wato wurin bayanin mai asusu, da wallafar da ake maƙalewa a sama, da jerin kaya na WhatsApp Business, kuma wanda ya cika su da kyau ya rage wa kansa rabin wahala.

Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen, wanda ya fi yawa ga ma'aikatu da ƙungiyoyi, wato a gina gida da shafuka masu kyau ranar buɗewa, a sa wurin labarai a shafin farko, sa'an nan a watsar, har baƙo ya shigo ya tarar labarin ƙarshe na shekaru uku da suka wuce ne, ya yi zaton wurin ya rufe. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: wanda ya san ba shi da mai rubuta masa sabon abu a kai a kai, ya fi masa alheri ya tsaya a kan shafuka kaɗai, ya sa tsayayyen shafi ya zama fuskar gidansa, manhajar ma ta ba shi wannan zaɓi.

Saboda haka, kafin a rubuta komai, a yi wa takarda tambayar da saurayin nan ya yi wa ta Malam, wato yaushe za ta daina amfani. In tana da ranar ƙarewa, a buga mata kwanan wata a sake ta cikin jeri. In ba ta da ita, a ba ta wuri a mashigan gida. Bayan haka a wakilta mutum guda sananne, a makaranta ko a shago ko a ƙungiya, wanda zai riƙa buɗe shafukan nan ɗaya bayan ɗaya a farkon kowane zangon karatu ko kowane wata uku, ya kira lambar wayar da ke ciki ya ji ko tana shiga, ya gwada farashin da na kanti, ya duba ko shugaban da aka ambata har yanzu shi ne a kan kujera, domin aikin da aka bar wa kowa da kowa, a ƙarshe babu mai yin sa.